Amsa: Sayar da tsohuwar mota mai dizal da wayoyinta suka lalace

Malam, ka tambaya ko ka gyara wayarin tsohuwar Mercedes ɗinka mai amfani da dizal kafin ka sayar, ko ka sayar da ita yadda take. Shawarata ita ce ka fara kai ta wurin ƙwararren mai gyaran wutar mota ya auna ta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji yana kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan yana aiki. In bai haura ba, mai yiwuwa laifin na altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir, ko wayar da ke haɗa batir da bodi, kuma ana iya gyara su.

Amma idan ka buɗe bonet ka tarar robar wayoyin tana farfashewa a hannunka, tagulla a waje, kamar yadda aka san wasu Mercedes na farkon shekarun 1990 da yi, to kada ka yarda da faci da salatif, domin yana iya jawo gobara. A nan gara ka rage farashi, ka nuna wa mai saye aibin ƙarara, ku rubuta shi a takardar ciniki gaban shaidu. Idan tayin bai yi maka ba, masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano suna sayen injin dizal mai lafiya da giyarsa daban.