Abin da ya sa suka tambaye ka ƙofarku

Ɗana Auwalu, saƙonka ya iso, kowa lafiya. Ka ce da kuka je gaisuwa gidan su yarinyar, kakanta bai kula da aikinka ko takardunka ba, sai ya ce, "Ku 'yan wace ƙofa ne?" Ka rasa amsa, har ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne. Tashin Abuja ne ya hana ka sanin yadda aka zauna a garin iyayenka.

Bauchi garin ganuwa ne. Malam Yakubu, mutumin Tirwun daga cikin Gerawa, ya yi karatu wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓo tuta, ya ɗan zauna a Inkil, sannan ya kafa garin nan a 1809 a tsakanin duwatsu, kusa da dutsen Warinje. Ba don kyau ya zaɓi wurin ba. Zamanin yaƙi ne, kuma wanda ya hau dutse zai hango ƙurar dawaki tun ba su ƙaraso ba. Aka ja ganuwa, aka yi mata ƙofofi. Wasu sun ci sunan inda hanyarsu ta nufa, irin su Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil, Ƙofar Dumi da Ƙofar Wase. Wasu na mutanen da suka zauna a gefensu ne ko na sarauta, kamar Jahun, Wunti da Wambai. Ga kuma Ran, Nasarawa da Ƙofar Idi.

Bayan rasuwar Yakubu a 1845 ma ganuwar ba ta zama ado ba, domin mutanen Ningi sun daɗe suna kawo hari. Jikansa Sarki Usman ya mayar da fada Rauta a 1877, daga baya aka dawo da ita. Duk wanda ke cikin ganuwa a lokacin an san ta inda ya shigo, an san wanda ya sauke shi, an san wanda zai amsa in ya yi laifi. Baƙo ba ya sauka haka kawai. Sai mai unguwa ya san da shi.

To, ka ga tushen tambayar. Idan ka ce ku 'yan Jahun ne, ka faɗi sunan kakanka, tsohon nan ya riga ya san masallacin da gidanku ke sallah, ya san limamin da ya raɗa wa ubanka suna, ya san tsohuwar da za a tura ta shiga cikin gida ta ji halin matanku: ko ana riƙe surukai da mutunci, ko ana yawan saki, ko akwai wata larura da ake ɓoyewa. Binciken aure ke nan. Albashi yau akwai, gobe babu, amma halin gida ba ya ɓuya ga maƙwabtan shekara ɗari. Ni ma da za a zo neman ƙanwarka, abin da zan fara tambaya ke nan.

Garin ya fita daga ganuwa tuntuni. Turawa suka ci shi a 1902, suka yi nasu mazauni a waje. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. A 1976 aka yi Jihar Bauchi, ma'aikata suka cika gari, sannan aka yanke Gombe a 1996. Yanzu Yelwa, Fadaman Mada, Gwallameji da Dutsen Tanshi sun cika maƙil, kuma mafi yawan ganuwar ta zube, an yi gine-gine a kanta. Wannan yana ƙona mini rai, amma ba zancen yau ba ne. Shi ya sa tsoho ba zai tambayi inda kake haya ba. Gidan tushe yake nema.

Inda nake saɓa wa wasu tsararrakina shi ne masu mayar da tambayar abin taƙama, su ce wanda ba ɗan cikin gari ba bai isa ya auri 'yarsu ba. Su tuna Yakubu kansa ba Bafulatani ba ne, ilimi da amana suka sa Shehu ya ba shi tuta. Wanda ya fito daga Dass ko Darazo yana da tushe, a je can a bincika.

Ka kira babanka ya sa rana bayan girbi. Ni da baffanka na Wunti za mu koma tare da kai, da goro da alewa, mu faɗi gidanmu da bakinmu. Kai naka ka tsuguna ka gaida mutane, ka yi shiru. Kafin nan ka zo ka kwana biyu, in zaga da kai ƙofofin da ƙafa, don kada a sake tambayarka ka tsaya kallon ƙasa.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka