Yadda za ka koya wa 'yan Koriya "come to one's senses"

Malam, ka tambayi yadda za ka fahimtar da ɗalibanka 'yan Koriya wannan karin magana na Turanci. Ka ce musu "jeongsin charida" ɗinsu ce, wato mutum ya dawo hayyacinsa. Kamar yaron da ya rantse ya bar makaranta don sun yi faɗa da babansa, kwana biyu zuciya ta sauka ya koma aji: "he came to his senses."

Amma ka kula da wuri ɗaya. Ɗalibaina a birnin Busan na Koriya ta Kudu sun riƙa faɗa wa mai gyangyaɗi, saboda tasu kalmar tana ɗaukar wannan ma. Ta Turanci kuwa an fi faɗa wa wanda ya kama hanyar ɓata. Sannan ka matsa musu kan "his" da harafin "s" na ƙarshen "senses", don Koriyanci ya saba barin irinsu, su ma sai su yar da su.