Me ya sa matar ta ba mu baya?

Ka tambaye ni, ɗana, wai in mai zanen nan gwani ne, me ya hana shi nuna fuskar matarsa? Matso da fitila ka sake duba shi.

Vilhelm Hammershøi ne, mutumin Denmak, ya zana shi a 1911, a wani ɗan gida da ake kira Spurveskjul da suka kama haya a wajen Kofanhegan. Lokacin shekara 20 ke nan da auren su da Ida. Madubi ya kafa a gabansa, abin da madubin ya nuna masa shi ya sa a zane: shi a gaba cikin inuwa, ita can baya wajen ƙofa, tana fuskantar haske. Zana fuskarta kuwa ba abin da ya gagare shi ba ne, ya zana ta tun suna saurayi da budurwa. Da gangan ya juya ta.

Ku yaran yanzu in aka ce ku zana miji da mata, sai ku jera su kafaɗa da kafaɗa kamar masu jiran mai hoto, kowa ya washe baki. Shi kuwa tazarar da ke tsakaninsu ya zana. Dubi yadda hasken ƙofar ke sauka a kafaɗarta, ya ratso ɗakin, ya zo ya taɓa gefen fuskarsa. Wannan hasken ne ya ɗaure su wuri ɗaya. Rufe ƙofar da babban yatsanka ka gani, nan take za su zama baƙin juna.

Sai maganar ruwan tokar da ka ce ya yi yawa. Kada ka kuskura ka dama baƙi da fari kawai ka ce ka samu irinsa, abin da zai fito matacce ne. Ana ɗiga ɗan rawaya, wani wurin ɗan shuɗi ko ƙasa-ƙasa, a shafa siriri, a bar shi ya bushe, a sake bi. Ni a wurina nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane mai haƙuri.

Gobe ka zo da madubi. Ka tuna dama tana komawa hagu a cikinsa. Za ka zana mutum biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, kuma ba za ka taɓa idon kowa ba sai ka gama da bango.