Zankon zakarana ya yi baƙi a sanyin Tabuka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Makka muka koma Tabuka, inda maigidana yake aikin gona, kuma ina kiwon kaji tara a bayan gida. Da sanyi ya tsananta sai na lulluɓe akurkin ruf da leda da tsohon bargo, amma duk da haka bakin zankon zakarana ya yi fari, daga baya ya koma baƙi. Mene ne laifina? (Wata mai karatu, Tabuka)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya saba da Makka dole ya sha mamakin arewacin Saudiyya, inda dusar ƙanƙara take sauka a kan dutsen Jabalul Lauz, kuma a kwanaki 40 na tsananin sanyi da ake kira Marba'aniyya, waɗanda suke farawa a farkon Disamba, ruwa yakan daskare da dare a Turaif da Ƙurayyat da Tabuka.

Sai dai ina ganin ledar ce ta cuce ki. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41, gashinta kuma ya ishe ta bargo. Abin da ba ta iya jurewa shi ne laima. Numfashin kaji tara da kashinsu suna fitar da tururi tsawon dare, idan kuma ya rasa mafita sai ya sauka a kan zanko da naman da yake rataye ƙarƙashin baki da yatsun ƙafa, wuraren da babu gashi, ya daskare a can ya kashe naman. Saboda haka ki bar ledar a gefen da iska take bugowa kawai, ki buɗe ƙofofin iska a can sama, nesa da inda suke kwanciya, sannan ki riƙa sauya shimfiɗar ƙaiƙayi da zarar ta jiƙe. Ki sa musu katako mai faɗi maimakon bututun ƙarfe, domin kaza ta zauna a kan yatsunta ta rufe su da gashin cikinta. Ki fitar da kwanon ruwa da magariba, ki mayar da safe, kuma ki ba su hatsi da yamma.

Wasu suna shafa Vaseline a zanko. Ni ban dogara da shi ba, don ba ya hana daskarewa idan akurki yana da laima. Gawayi kuwa kada ki kusantar da shi, hayaƙinsa yana kisa, ga haɗarin gobara.

Shi zakaran, kada ki murza wurin, kada kuma ki yanke shi, naman da ya mutu zai bushe ya faɗi da kansa cikin makonni. Ki ware zakaran idan sauran suna tsattsagarsa. Idan wurin ya kumbura yana wari, ko kika ga ƙuraje sun bazu har gefen ido, to wannan wata cuta ce dabam, sai ki kai shi wurin likitan dabbobi.