Mahaifina ya rage magana tun lokacin kullen korona

Malam, ka ce tun kullen korona mahaifinka ya rage magana da cin abinci, ya kuma daina zama a majalisa, kana tambaya ko tsufa ne kawai. A ganina abin ya wuce tsufa. A watan Afrilun 2020 aka rufe Kano, aka dakatar da sallar jam'i da tarukan jama'a a daidai lokacin da dattawa ke ta rasuwa, kuma wanda ya rasa abokan zamansa ba tare da ya samu zuwa ta'aziyya ba, baƙin cikin yakan daɗe a zuciyarsa.

Ku mayar masa da tsarin yininsa: a raka shi masallaci, a kawo masa jikoki, a riƙa neman shawararsa kan lamuran gida, domin dattijo yana samun ƙarfin zuciya idan ya ga ana bukatarsa. Kada ku ce masa ƙarancin tawakkali ne, kada kuma ku saya masa maganin barci a kemis.

Tun da abin ya daɗe, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda likita zai bambance ciwon damuwa da ciwon mantuwa. Idan ya fara cewa gara ya mutu, ku kai shi a ranar.