Danshi a ƙarƙashin gidan katako: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka. Gidan da muka saya na katako ne, kuma ƙarƙashin daɓensa akwai wani fili da sai da rarrafe ake shiga. Tun shigowar zafi falo ke warin danshi. Da na leƙa sai na tarar ƙasar a jiƙe, katakon ya yi fumfuna. Na buɗe duk ƙananan tagogin wurin don iska ta shiga, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Buɗe tagogin nan dabara ce irin ta rumbu, wanda ake ɗora shi kan duwatsu iska ta ratsa ƙarƙashi. A ƙasarmu takan yi aiki, don iskarmu busasshiya ce yawancin shekara. Iskar Jojiya kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, cike take da laima. Da ta shiga wurin mai sanyi ta taɓa katako da bututun na'urar sanyaya ɗaki, sai ta zama raɓa, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke zufa. Da hannunka kake shigar da ruwan.

Amma kada ka yi gaggawar sayen komai tukuna. Jira a yi ruwan sama, ka ɗauki lema ka zagaya gidan. Ina indararo ke zubarwa? In a gindin bango ne, ƙara masa bututu ya kai ruwan nesa. Ƙasar da ke kewaye da gida kuma ta gangara waje, aƙalla inci 6 a ƙafa 10 na farko. Mutane da yawa sukan kashe dubban daloli a ciki alhali matsalar tana waje. In duk da haka ruwa na kwanciya a ciki, sai an haƙa ɗan rami an sa famfon da ke zuƙe shi.

Daga nan sai leda. Mafi ƙarancin kaurin da ƙa'idar gini ta yarda da shi a can shi ne mil 6 (mil a nan ma'aunin kauri ne, kashi ɗaya cikin dubu na inci), amma ni na fi son mil 10 zuwa sama, don mai gyaran famfo zai ja gwiwa a kanta. A rufe ƙasar gaba ɗaya, bakin kowace leda ya hau 'yar'uwarta da inci 6 ko fiye, a liƙe, a ɗaga ta jikin bango. A bar kamar inci 3 a saman bangon, saboda masu duba gara su ga hanyarta.

Sai a toshe tagogin, a sa na'urar tsotse danshi, a riƙe laimar ƙasa da kashi 60 cikin 100. Idan akwai tukunyar dumama gida ko ta ruwan zafi mai amfani da gas a wurin, kada ka toshe komai sai ƙwararre ya duba, domin tana buƙatar iska. Katakon kuma ka soka masa sukuddireba. Duk inda ta nutse, ya ruɓe, sai kafinta ya canza shi.