Amsar Baffa kan takardun zanen riga

'Yata, saƙonki ya iso, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce kin buɗe adakar marigayi Malam kakanki kin tarar da tsofaffin takardun zanen babbar riga, kina so ki bi gidajen unguwa ki tattaro irinsu ki ɗauka a waya. Kina tambaya ko al'ada ta yarda zane ya fita daga gida, kuma ko ya dace mace ta sa hannu. Sai da na yi murmushi, don takardun nan ko mu 'ya'yansa maza ba mu isa mu taɓa ba sai da izini. Amma gabana ya faɗi da kika ce wani tela mai keken kwamfuta ya roƙi ki ba shi.

Ki sani, Malam ba da takarda yake aiki ba, zanen a kansa yake. Don almajiransa ya yi waɗannan, su riƙa kallo suna kwaikwayo.

Akwai wata shekara a zamanin Sarkin Zazzau Aminu, wanda ya rasu a 1975, da aka aiko daga gidan wani hakimi ana son babbar riga mai zanen aska takwas kafin hawan Sallah. Tun watanni kafin nan aka soma ta, amma azumi ya kama ba a gama aljihu ba. Ina tsaye ranar da ya zana ta. Ya shimfiɗa farin ƙyallen a kan tabarma a zaure, ya jawo tawada da alƙalamin da yake rubutun allo, ya yi bisimilla. Askokin nan ya jero su daga wuya zuwa aljihu, kowace da tsininta, sannan gidan biyar, sannan ya koma dama ya kewaya tambari ba tare da ya ɗora kwano ko faifai ya auna ba. Babu mai tari a zauren. Zaren kuwa tsamiya ne, wanda ake samu daga gidan tsutsar da ke bishiyar tsamiya. Inna ce ta dafa shi da ruwan toka, ta wanke, ta kaɗa a mazari. To kin ga hannun mace yana cikin rigar tun kafin allura ta shiga.

A goman ƙarshe, bayan asham, sai a kunna fitilar ƙwai a zauna har sahur. Wani daga cikin almajiran ya gama aska guda yana murna, ya miƙa. Malam bai ko dubi fuskarta ba, ya juya bayan ƙyallen ya shafa da ɗan yatsa, ya ce a warware. Yaron nan har da hawaye. Malam ya ce masa, "Mai riga gaba yake gani, maɗinki baya yake dubawa." Ana jajibere aka kai ta wurin masu bugu, ta dawo tana ƙyalli. Da hakimin ya wuce bisa doki, Malam bai nuna wa kowa cewa aikinsa ba ne.

Yanzu fa? Saurayi ya kai shadda ranar Litinin yana son ta ranar Juma'a, bai san aska biyu da aska takwas ba, balle malum-malum. Kuɗin ɗinkin hannu kuma a tsaya ana ciniki kamar ana sayen tumatir. Abin yana ci mini rai. Malam yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ga shi a cikin jikokinsa maza babu wanda ya iya riƙe allura.

Maganar mace kuwa, ai tun wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin riguna a cikin gidajensu, da shi da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Gwaggonki ta Kwarbai tana cikinsu, ki je ki gaishe ta tun idonta na gani, ita za ta faɗa miki sunan kowane zane.

Shi telan nan, ki ce masa ya dakata tukuna, sai na yi shawara da sauran iyayenki. Takardun kada ki ninke su, ki nisanta su da danshi da gara. Gidan da kika shiga kuma ki fara neman izinin babba, ki rubuta sunan mai zanen a bayan kowace. Ki gaida maigidan, Allah ya yi muku albarka.